Tsakon da Ya Manta Ɗaci

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa, yaya Babanku da yayyenka? Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita ma da sauƙi.

Albishirinka! An ɗauke ni daga shara a ɗakin binciken, yanzu ni ke rubuta sakamako. Muna miƙa wa 'yan tsaki dutsen ado da aka shafa wa abu mai ɗaci. Wanda ya ɗanɗana ba ya komawa, amma wanda aka yi wa allurar da ke taɓa ƙwaƙwalwa sai ya manta, ya sake kai baki. Shugabarmu ta ce idona ya fi na ɗalibanta. Na ce, "Shekara talatin fa ina kiwon kaji!"

Na ji kana shan ƙwaya don jarrabawa. Don Allah ka bari, na ga aikin irinta a kan 'yan tsakin nan da idona.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka, da hannunta.