Kwanon Rachel

Birnin Gwari.

Zuwa ga Yayana Malam Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Zariya. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sabis ya ɗauke mana, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ni kuwa maganar da ke bakina ba ta kan tudu ba ce. Sadisu direba zai kawo maka.

Ka riga ka ji 'yan bindiga sun sako maigidana, Baban Nafisat, bayan girbi. Maƙwabcinmu Isaiah, mijin Rachel, wanda aka kwashe su tare a gonar Kusasu, shi bai dawo ba. An ce ciwon ciki ya kashe shi a dajin. Mutane suna ta zuwa yi mini barka, ina amsawa da baki, amma Yaya, mutumin nan da aka dawo mini da shi ba ya cin abinci.

Ka san hannuna a girki, ba yabon kai ba. Na yi tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, na yi faten tsaki da yakuwa, har kazar da na tsira da ita daga ƙauye na sa aka yanka. Idan na ajiye masa kwano sai ya wanke hannu, ya sa gefen tafinsa ya raba tuwon gida biyu, ya tura rabi gefe. Daga nan sai ya zuba wa rabin ido har miya ta daskare. Ba ya cin wannan, ba ya cin wancan. Koko kawai yake kurɓa, shi ma sai na yi kamar zan yi kuka. Wuyansa ya zama kamar na tulu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gaba, duk a banza.

Da ya ƙi gaya mini komai, sai na nemi Huraira, wata 'yar Damari da aka sako su tare. Da ma ban tambaya ba. Ta ce tuwon dusa ake ba su, dusar da ƙwari suka gama da ita, ba gishiri ba miya, kwano ɗaya mutum biyu. Ruwan sha kuwa na kududdufin da shanu suke fitsari a ciki, sai a tace da bakin zane a rufe ido. Sun ci ɓera, sun ci ƙadangare da kwaɗo, sun tafasa busasshiyar fatar saniya sun tauna. Akwai ranar da aka jefo musu hanjin da ya kwana biyu a rana, har yana motsi da kansa. Tana faɗa tana tofar da yawu, ni kuwa na fita bayan ɗaki na amayar da karin kumallona.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ta ce wata rana masu tsaronsu sun harbo aladen daji. Su ba su ci ba, sai suka bar shi ya kumbura, sannan suka riƙa yankowa suna jefa wa maza don wulaƙanci, suka kuma rage musu dusa. Ita ba ta ga wanda ya ci da wanda bai ci ba, domin an ware mata.

Yaya, ni na gane. Mutumin da ko naman kasuwa ba ya ci sai ya san wanda ya yanka, mutumin da shi ke yanka wa su Isaiah akuyar Kirsimeti kowace shekara don mu ma mu ci, yaya zai ji in yunwa ta sa shi ya ci alade? Ƙyamar cikinsa yake yi. Don Allah ka rubuto mini abin da littafi ya ce, da hannunka, domin maganarka yake ji. Ina tsoron kada in rasa shi a kan tabarmata bayan daji ya bar mini shi.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Muslimat.

*

Birnin Gwari.

Yayana Malam Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso, da zumar da ka aiko. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Ban san ta inda zan fara ba. Ran da takardarka ta zo har guɗa na kusa yi. Na dama fura, na zauna kusa da shi, na karanta masa tiryan-tiryan: cewa wanda yunwa ta kai shi bakin mutuwa, in ya ci mushe ko alade gwargwadon abin da zai rayu, babu laifi a kansa, har ma wajibi ne ya ci. Ina karantawa ina murmushi, ni mai kawo albishir.

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya kifa kansa a ƙasa. Yaya, ashe bai ci ba. Ko lasa bai yi ba.

A ranar ya buɗe baki. Sarƙa ɗaya aka ɗaure su da ita shi da Isaiah, ƙafa da ƙafa, kwanonsu ɗaya, kullum shi ke raba tuwon biyu da gefen hannu. Da aka fara jefo naman nan aka rage dusa, sai ya ce shi ya gwammace ya mutu. Isaiah ya ce masa ba a yi haka ba. Ya ce su yi musaya: mijina ya cinye dusar duka, shi Isaiah ya ɗauke naman duka, tunda a addininsu ba zunubi ba ne. Naman ya riga ya yi kore. Isaiah yakan kankare tsutsar da tsinke, ya ɗan babbaka, ya toshe hanci ya haɗiye, har yana tsokanarsa wai Kirsimetin bana ta zo da wuri, kuma an cuce shi an canza masa mayanki. Haka suka yi har naman ya ƙare. Daga nan gudawa ta kama Isaiah, ta koma jini. Ya mutu ƙafarsa na haɗe da ta mijina, suka yini a haka kafin a zo da makulli.

Abin da ya riƙe shi duk watannin nan shi ne tunanin cewa abokinsa ya tsare shi daga saɓon Allah. Yanzu na karanta masa da bakina cewa babu saɓon. Abin da yake ta maimaitawa ke nan: da sun raba naman biyu, sun raba dusar biyu, wataƙila da yanzu su biyu ne a gida.

Ba laifinka ba ne, gaskiya ka faɗa, ni ce na yi tambayar a karkace. Amma ko kokon ya daina sha. Mun kai shi asibiti an yi masa ƙarin ruwa, likita ya ce hanjinsa ya tsuke, in bai fara ci ba, ba abin da allura za ta yi. Zumarka tana nan ko buɗewa ba a yi ba.

Ya roƙe ni kada Rachel ta ji. Na ce masa to. Ƙarya na yi masa, Yaya, gobe zan je. Na rasa tudun dafawa, kuma matar nan tana da hakkin ta san abin da mijinta ya ci. In ta tsine mana, ta tsine. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Muslimat.

*

Birnin Gwari.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Saƙon ta'aziyyarka ya iso ta hannun Sadisu. Kada ka damu da rashin zuwa, na san halin hanyar, ba na son a ƙara mini wani rashin. Ka ce in gaya maka yadda aka yi.

Na je wurin Rachel kamar yadda na faɗa. Tana zaune a ajin makarantar da aka sauke mutanen ƙauyenmu, tana tsince wake. Na gaya mata komai, har tsutsar ban ɓoye ba. Ba ta ɗago kai ba, ba ta daina tsintar ba. Na gaji da tsayuwa na tafi. Bayan nan ko a famfo muka haɗu sai ta kau da kai. Na ce shi ke nan, na kashe zumuncin shekaru, ban kuma ceci kowa ba.

Ranar Kirsimeti da hantsi sai ga ta da kwano a kafaɗa, irin ɗaukar su ta Gbagyi. Shinkafa ce da zakara. Zakaran nan shi kaɗai ya rage mata a duniya. Ta wuce ni ta shiga har inda yake kwance. Abin da ta fara gaya masa shi ne ya kwantar da hankalinsa, wurin mahauci ta kai aka yanka, Musulmi ne, ta tsaya ta ji bisimillarsa. 

Na tallabe shi ya zauna. Ya ɗaga hannu zai raba shinkafar biyu, sai ta riƙe masa wuyan hannu. Ta ce Isaiah ya riga ya ci nasa rabon, wannan duka nasa ne. Ta ce mijinta ba wawa ba ne, mafarauci ne, ya fi kowa sanin warin naman da ya lalace, kuma bai tambayi malam ko fasto ba kafin ya yi abin da ya yi. Ta ce ita an bar ta da marayu saboda cikin nan nasa, don haka ba shi da ikon ya bar shi wayam.

Ya ci, Yaya. Yana ci hawaye na zuba a cikin kwanon. Ni da na yi wata da watanni ina ƙona yatsu a murhu, sai ga shi shinkafar da gishiri bai ma ji ba ita ta shiga. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin an fi ni ba sai ranar.

Amma an makara. Abin da ya ci bai zauna ba, wanda ya biyo baya ma haka. Yana so, cikin ya ƙi. Ran Alhamis da safe ya kira ni, ya ce yana marmarin tuwon dawa da miyar kuka. Rabon da ya nemi abinci da bakinsa tun kafin a ɗauke shi. Na fita da gudu na hura wuta. Ina cikin tuƙi Nafisat ta fito ta tsaya a kaina, nan na gane ya cika. Tuwon nan a tukunya ya ƙone.

Rachel ce ta zauna da ni kwanakin zaman makoki, ita ke kore mini ƙuda, ita ke tilasta mini in ci. 

Kwanonta yana nan a ɗakina. Na wanke shi na kife. Ka san yadda Inna ta koya mana, ba a mayar wa maƙwabci kwano haka nan, sai an zuba wani abu a ciki. Kullum sai in ɗauko shi in duba ɗakin nan, in duba abin da ya rage mana, in tuna abin da gidanta ya ciyar da gidana. Yaya, kai ne mai karatu. Me zan zuba a ciki?

Ka gaida iyali. Allah ya sa mu gana.

Ƙanwarka,
Muslimat.