Na'urar da Ba a Kashe Ba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mamanki da ke ta mata tsiya.

Jiya Manajanku ya zo har gida. Kin san tare muka yi makaranta. Ya ce na'urar nan taku mai lura da bugun zuciyar jarirai ta kammalu, asibitoci na jira, kowa ya sa hannu a takardar amincewa da ita sai ke. Wai in kika ci gaba da taurin kai zai sauke ki daga shugabancin sashe. Haba Auta! Da ƙyar fa kika samu kujerar nan. Ki sa hannu ki huta.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, a yi wa Mama sannu da ƙafa.

Bari in gaya maka aikina. A cikin na'urar akwai abin da muke kira kanel, shi ke raba wa kowane aiki wuri a ƙwaƙwalwarta. Aiki ya karɓa, in ya gama ya mayar. Ni kuma ina zaune ina kallon alƙaluma, nawa aka bayar, nawa suka dawo. To akwai layi ɗaya da ke hawa kaɗan-kaɗan, ba ya sauka. Wani aiki yana karɓa ba ya mayarwa, wata rana wurin zai ƙare.

Abokan aikina sun ce wata da watanni suna gwaji ba ta taɓa tsayawa ba. Gaskiyarsu ne. Amma doka ce a ofishinmu, kafin a tashi kowa ya kashe na'urarsa, Manaja da kansa ke bi teburi-teburi yana dubawa. Da safe in an kunna, lissafin ya koma sifili. A asibiti wa zai kashe ta, jariri na kwance?

Na tura ɗaya ƙarƙashin teburina na bar ta a kunne. Ka yi haƙuri Baba, ba zan sa hannu ba.

'Yarka, Auta.

Baba,

Barka da war haka. Manaja ya gano na'urar, ya sauke ni saboda karya doka. Na ce na ji, amma don Allah a bar ta a kunne. Ya yi tsaki ya ce a bar min kayana.

Shekaranjiya layin ya kai ƙarshe, na'urar ta sandare. Abin tsoron shi ne, allonta bai mutu ba, yana nan yana nuna zuciya na bugawa lafiya lau. Na zare wayar gwajin da ke tura mata bugun zuciya gaba ɗaya, ko ƙarar gargaɗi ba ta yi ba. Na kira Manaja ya gani da idonsa.

An dakatar da kai ta asibiti, ana gyara. Kujerar dai an riga an ba wani, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi min ciwo. Amma ina alfahari da aikina.

Auta.

Auta,

Muna gaishe ki. Mamanki ta sa na karanta mata wasiƙarki. Ba ta gane kanel ba, amma babu gidan da ba ta kai labarin ba a layinmu.

Kujera kuwa su riƙe abarsu. Ban taɓa jin daɗin ɗa ya ƙi bin maganata ba sai a kanki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.