Ka Dawo Mana Da Kundin Alkawari

Zuwa ga Malam Nasiru, shugaban Zauren Gindin Dutse, kuma sabon mai bai wa Honarabul shawara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina taya ka murnar muƙami. Na fito fili ne don na kira ka sau uku ba ka ɗaga ba, zauren da zan yi maka magana a ciki kuwa ka rufe shi.

Ga wanda bai sani ba, zaure ne na intanet da ni da kai muka buɗe fiye da shekara goma da suka wuce, inda mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ke tafka muhawarar siyasa. An yi faɗa, an shirya, har aure an ƙulla a ciki.

Na farko, abin da ya bambanta mu da sauran zauruka shi ne Kundin Alkawari. Duk ɗan takarar da ya shigo neman ƙuri'a, sai ya faɗi alkawarinsa da muryarsa mu adana. Juma'ar ƙarshen kowane wata mu yi waiwaye: a sako muryar, mutanen garin su turo hoton wurin, kowa ya gani da idonsa. Ba zagi, ba ƙage.

Na biyu, ranar Laraba ina kan keken ɗinkina na duba waya, babu zaure. Sanarwar layi biyu ka bari, wai zage-zage sun yi yawa. Haba Malam! Zagin da muka sha a zaɓuɓɓukan baya bai rufe shi ba sai yanzu? Sati biyu ke nan da naɗinka, kuma waiwayen wannan watan a kan maigidanka ya faɗo. Mun gane, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma me ya sa da kanmu za a yi askin?

Na uku, laifina, kuma shi ya fi ci mini rai. A da mu biyu ne admin, masu riƙe da makullin zaure. Da ka ga sai na hau tudun bayan shagona a Gwiwa kafin in sami sabis a waya, ka ce in sauka daga admin ka riƙe kai kaɗai, tunda kana cikin Kazaure. Na sauka da hannuna. Na ce kai malamin makaranta ne, ni tela. Da na kawo shawarar a kwafe kundin a ajiye wani wuri, ka tambaye ni ko zarginka nake. Kunya ta kama ni, har haƙuri na ba ka.

Na huɗu, marigayi Malam Buba, makiyayin nan na wajen Kanya Babba. Bai iya rubutun boko ba, da murya yake turo saƙo, shanu na kuka a bayansa. Shi ya matsa wa maigidanka har ya yi alkawarin buɗe burtalin da gonaki suka cinye. Buba ya rasu bara, burtali na nan a toshe. Iyalinsa ba su da takarda ko shaida, muryar alkawarin maigidanka da ke cikin kundin kaɗai gare su. Ni da kai muka yi musu ta'aziyya, ka ce musu maganar tana hannunka.

Roƙona biyu ne. Ka dawo mini da makullin, ko ba za ka sake leƙowa ba. In ka goge kundin, ka fito ka faɗa da bakinka, mu daina jira.

Ka tuna murya ta farko da muka saka a kundin, ta gwaji, ranar buɗe zaure? Taka ce. Ka rantse ba za a taɓa goge alkawarin kowa ba, ko da na mahaifinka ne. Ita kaɗai ta tsira, tana cikin tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshen wata, kuma za mu yi waiwaye a ƙofar shagona. Da taka za mu fara.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa ka gama da muƙamin nan lafiya, Ya jiƙan Malam Buba.

Wassalam.

Abokinka na da,
Sale Tela, Gwiwa.