Abin da Baba Ɗalha Ya Gani

Dungas, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Ɗayyabu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zouera da yara. Ya zafin Damagaram? Mu nan sai godiya.

Na fita takaba, kuma jiya na je Magariya wurin alƙalin da ke binciken rasuwar Shafi'u. Yaya, a dosiyen, wato takardun binciken, an rubuta wai mijina gudu ya yi da motonsa, babur ɗin nan nasa, a shingen sojoji, shi ya sa aka harbe shi. Shafi'un da ko akuya ta tare hanya sai ya tsaya ta wuce! Akwai wani soja, Yasin, da aka yi komai a gabansa, ya kuma rubuta bayani. Amma lauyan sojojin ya ce takardar sirri ce tsakaninsa da wanda yake karewa. Alƙali ya ce da likita ya duba gawar, da ya samu hujjar matsa musu. Mu kuwa kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, muna ganin gata muka yi masa. Wannan gaggawar tana ci mini rai.

Ba zan bari 'ya'yana su tashi da sunan 'ya'yan mai laifi ba.

Ƙanwarka,
Aziza

Dungas, 19 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jikin Zouera? Na ga saƙonka cewa in bar wa Allah. Na bar masa, amma ai bai ce in zauna a ɗaki ba.

Na tuna Baba Ɗalha ne ya yi wa Shafi'u wanka. Na je na durƙusa, ya ce shekara arba'in yana wankan gawa, ko matarsa bai taɓa gaya wa abin da ya gani ba, kuma ba a kaina zai fara ba. Kowa da nasa sirrin, ni kaɗai aka bari a duhu. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Yanzu kullum da hantsi ina zuwa in gaishe shi in zauna, ba na cewa komai. Ka san ni da naci.

Taka,
Aziza

Magariya, 2 ga Afrilu

Yayana,

Ina fatan kun tashi lafiya. 

Baba Ɗalha ya je wurin liman da kansa. Liman ya ce masa aibin mamaci aka ce a rufe, ba shaida ba. Yau tsohon nan ya shiga motar haya, muka zo wurin alƙali tare. Da ya gama magana, alƙali ya ce wa lauyan ya riƙe takardarsa, amma idon Yasin ba mallakar lauya ba ne. An kira Yasin ɗin ranar Alhamis, zai rantse ya faɗa da bakinsa. Ka zo, don Allah, ina so ka tsaya kusa da ni.

Ga abin da Baba ya faɗa. Bayan Shafi'u ko ƙwarzane babu. Harsashin ta tafin hannunsa na dama ya bi, sannan ya shiga ƙirji. Yaya, yana fuskantarsu ne, hannunsa a ɗage.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Aziza