Ƙorafi Kan Rim Huɗu Da Aka Ɗaura Wa Motar Gonar Kaji

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Kanikawa da Masu Gareji.

Daga:
Direban a-kori-kura na gonar kaji, wanda aka dakatar daga aiki.

Ranar 28 ga Fabrairu.

GAME DA: Aikin ganganci da wani ɗan ƙungiyarku ya yi wa motar da nake ja, da kuma laifin da aka ɗora mini a kansa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan mai garejin da ke bayan tashar manyan motoci, wanda ake ce wa Injiniya. Ba zan ɓoye maka ba, yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sau uku ina yage takardar nan kafin na iya gama ta.

1. Ranar 3 ga Fabrairu manajan gona ya aike ni garejinsa saboda rim ɗaya na gaba, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya lanƙwashe. Injiniya ya ce irin namu ya yi wuya, amma yana da huɗu na wata mota, sun fi namu faɗi. Gaskiya na gan su suna ƙyalli na yi sha'awa, ban musa ba, wannan laifina ne. Ya ɗaura su, mota na kan jak babu ko buhu ɗaya a bayanta, ya zura yatsu huɗu tsakanin taya da bodi, ya ce ya auna. Iyakar awon da aka yi ke nan.

2. Ranar 5 ga wata na yi lodin abincin kaji. A kwanar farko na ji gurrr daga ƙasa, ga warin roba. Taya ce ke gugar bodi. Na koma, ya ɗauki guduma ya bubbuge bodin ya sallame ni. Ranar 8 na sake komawa, domin idan na murza sitiyari har ƙarshe, cikin rim yana taɓa tiyon birki. Sai ya cusa washa, wato zobban ƙarfe, uku-uku a kan kowace ƙusa ta bayan rim don su turo tayar waje. Na nuna masa cewa zagaye uku kawai noti ya kama. Ya yi dariya a gaban mutane, wai ina sauraron mota kamar mai jego da jariri, wai in bar wa masu sana'a sana'arsu. Na haɗiye, domin yaya ne.

3. Ranar 19 ga wata, da misalin ƙarfe tara na safe, ina gangaren da ke kafin gada ɗauke da kiret ɗin ƙwai, tayar gaba ta hagu ta fita. Da idona na ga tayata ta wuce ni. Ta bi ta gefen wata mata mai sayar da lemo, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, ta je ta daki katanga. Motar ta durƙusa, na ja ta gefe da ikon Allah. Ba wanda ya ji ciwo. Matar ta zauna a ƙasa tana salati. Na tsince ƙusoshin da suka karye da washa tara a kan titi, suna nan cikin gwangwani a ɗakina.

4. Da manaja ya tuntuɓi Injiniya, sai ya ce aikinsa lafiya lau ya bar gareji, gudu ne na yi na faɗa rami. A kan wannan magana aka karɓe makulli daga hannuna ranar 20. Ranka ya daɗe, gudu! Shekara goma sha tara ina jan ƙwai. A gona Sannu-Sannu ake kirana, har masu keke suna wuce ni suna yi mini tsiya, ban taɓa jin haushi ba, domin ban taɓa fasa wa gona kiret ɗaya ba sai ranar. Kuma babu rami a gangaren nan, kowa na iya zuwa ya duba. Wannan magana ta fi haɗarin yi mini ciwo.

5. Ban garzayo wurinku ba sai da na bi ta gida. Na sami Injiniya har sau biyu, na roƙe shi ya faɗa wa manaja gaskiya, ya ce in ya faɗi gaskiya, gona za ta daina kawo masa aiki. Surukata ta zo da kanta ta ce in rufa asiri, maganar gida ce. Matata ba ta ce mini in kawo ƙara ba, ba ta ce kar in kawo ba, sai dai tun ranar abinci ba ya shigarta. Ranar 6 ga Maris hukumar gona za ta zauna a kaina. In aka rubuta cewa gudu ne, an kore ni ke nan, kuma ban san mai ba da mota ga direba mai shekara hamsin da irin wannan takarda ba.

Saboda haka ina roƙon kwamitinka, cikin ladabi:

Ya turo bakanike mai gaskiya zuwa gona kafin ranar 6. Motar tana ƙarƙashin rumfar sito, sauran tayoyi uku suna nan da washarsu yadda ya ɗaura su, na roƙi maigadi kada ya bar kowa ya sa musu hannu. A kwance ɗaya a ƙirga zagayen noti. A yi wa motar lodi, a murza sitiyari, a ga abin da yatsu huɗu ba su gani ba. Abin da aka samu a rubuta wa hukumar gona, ko da ni ne ya kama.

Ba na neman a rufe garejinsa, 'ya'yansa kawu suke ce mini, a tsakar gidana suke wasa. Na kuma san daga ranar da takardar nan ta iso teburinka, wataƙila ba za a ƙara barinsu su zo ba. Na yarda. Abin da nake nema shi ne in shiga zaman ranar 6 da sunan da na yi shekara goma sha tara ina ɗauke da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Sannu-Sannu,
Direban gonar kaji.