Allurar Duna

Daren Laraba, Apo

Har yau ina tuna ranar da aka yi wa Duna allura bara. Mai allurar ya zo a babur, ya soka masa, ya yi gaba. Ina kwance da littafina, an zo daidai inda saurayin zai faɗi abin da ke ransa, sai na ji ana kartar ƙofa. Duna ne, karen gadinmu, wanda ko kwanonsa ban taɓa ɗauka ba. Na tarar fuskarsa ta kumbura, idanun sun shige, yana numfashi da ƙyar. Ni na naɗe shi a tsohon zani na kai shi asibitin dabbobi. Tun ranar ya zama nawa.

Ga lokacin allurar haukan kare ya sake zagayowa. Oga maigidana sai tsiya yake min: "Su uwar Duna manya! A kai shi gonarmu ta Yangoji mana, can wa zai tambayi allura?"

Yau na je na tambayi likitar. Ta ce jikinsa ne ke ɗaukar allurar kamar abokiyar gaba. "Madam, za mu fara ba shi maganin hana kumburi, mu yi masa ta haukan karen kawai ba tare da haɗa wasu allurai ba, ki zauna nan mu sa masa ido. Amma ban ce babu haɗari ba."

Tun ɗazu nake juya maganar. Yaya jiki zai yaƙi abin da ya zo kare shi? A ina yake ajiye wannan gabar shekara guda?

Tsoro nake ji sosai. Amma a gonar akwai yaran masu aiki, kuma baƙin karnuka na shiga; kai shi can babu allura ya fi haɗari.

Ranar Asabar zan kai shi a yi masa, da kaina.