Tukwane Bakwai a Rana

Zuwa ga uwar Sadiƙu, a garin Dogo-Dogo.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna? Yara suna zuwa lakwal, suna karatu? Ni lafiya lau, ban da ƙafar da kamyo, babbar motar kaya, ya taka, wadda ta raba ni da dako.

Kada ki yi dariya, mijinki ya zama maginin tukwane. Wata tsohuwa Bagwariya kusa da Abuja ce ta ba ni makwanci, tana koya mini. Da hannu ake yi, ina zagaya yumɓu da ɗingishi har tukunya ta tashi. Na gina bakwai, na shanya su a rana kamar gero, duk suka tsage. Ta ce, "Bahaushe, a inuwa ake busarwa. In na ƙarshen wata suka fashe a wuta, nemi wani gida."

Ba ni da wani gida, kuma ƙafar ba ta kai ni ko tasha.

Don Allah ki je wurin Gwaggo Baturiya mai tuluna, wadda na sha yi wa ba'a da sana'arta. Ki tambayo mini abin da take gaurayawa da yumɓu, ki bugo waya. In ta ce wa ke tambaya, faɗa mata gaskiya. Ta yi dariyarta ta ƙoshi, amma ta faɗa.

Mijinki,
Muttaƙa